Behind the Name: Ko Zai Gaya Maka Zaton da Ake Jingina wa Suna?

Iyaye kan tambaya ko wani tsohon sunan maza zai sa a yi wa ɗansu kallon mai sha'awar jinsinsa. Behind the Name, shafin intanet na bayanin sunaye da aka buɗe a 1996, yana amsa rabin tambayar ne.

Ta fuskar asali ba shi da na biyu. Rubuta sunan, zai ba ka harshen da ya fito, ma'anarsa, da jadawalin farin jininsa ƙasa-ƙasa. Na Amurka ya faro tun 1880. Jadawalin ya fi komai amfani. Idan suna ya yi faɗuwar bazata, a binciki dalili. Gaylord asalinsa tsohon Faransanci ne, mai nufin mutum mai kuzari da fara'a, amma da kalmar "gay" da ke farkonsa ta sauya ma'ana a Turanci zuwa mai sha'awar jinsinsa, sai iyaye suka guje shi. Haka sunan Detlef ya sha tsokana a Jamus kan irin wannan zato, alhali a wajenta ba kowa ya san da zancen ba.

Rauninsa yana sashen ƙuri'a, inda masu ziyara ke auna ko suna ya yi kama da na maza ko na mata. Ra'ayin masu jin Turanci ya rinjaya. Kada a gina hukunci a kai, don suna ba ya nuna halittar kowa.

Sunayen da jama'a suka turo suna sashe dabam, ba a tantance su sosai ba. A tabbatar da su wajen masu harshen.