Duba ga shafin MICROBE na alƙaluman ƙwayoyin cuta masu ƙin jin magani

Na ɗan jima ina amfani da MICROBE, shafin intanet na kyauta da cibiyar nazarin alƙaluman lafiya ta IHME da ke Jami'ar Washington ta buɗe, a ƙoƙarina na gano tushen alƙaluman da ake yawan ambata kan mace-macen da ƙwayoyin cuta masu ƙin jin magani ke haddasawa. Ginshiƙinsa na farko shi ne binciken GRAM kan ƙin jin magani a faɗin duniya, da aka yi tare da Jami'ar Oxford, wanda mujallar The Lancet ta wallafa a shekarar 2022.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka raba lissafin gida biyu. A shekarar 2019, mutum miliyan 4.95 ne suka rasu ɗauke da cutar da ba ta jin magani, amma miliyan 1.27 ne aka ɗora alhakin mutuwarsu kai tsaye a kan ƙin jin maganin. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Mu ɗauki dattijon da ke kwance a sashen kulawa ta musamman, an saka masa na'urar taimakon numfashi, ga ciwon ƙoda, sannan ƙwayar cutar Klebsiella mai ƙin jin magani ta kama huhunsa: idan ya cika, tambayar ita ce, da zai tashi da a ce maganin ya yi aiki, ko kuwa dama jikin ya riga ya tafi? Adadi na biyu wannan tambaya yake ƙoƙarin amsawa, kuma shi ya kamata ɗan jarida ko mai tsara manufa ya riƙe.

Sai dai mai karatu ya sani cewa ƙiyasi ne ba ƙidayar gawarwaki ba, domin takardar shaidar mutuwa ba kasafai take ambaton ƙin jin magani ba. Masu binciken da kansu sun ce miliyan 1.27 ɗin na iya faɗawa ko'ina tsakanin dubu 911 da miliyan 1.71, kuma a ƙasashen da ɗakunan gwaje-gwaje suka yi ƙaranci, lissafin kwamfuta ne ke cike gurbin.

Ga mai neman abin da ke faruwa a asibiti kaɗai, sai ya yi hattara, saboda wannan jimilla ta haɗa cutar da aka ɗauka a gadon asibiti da wadda aka zo da ita daga gida. Ina ba ma'aikatan lafiya shawarar amfani da shafin, matuƙar za su riƙa haɗa shi da sakamakon gwajin jini da fitsari na asibitinsu.