Sabon gari da gundumarsa a Amurka: hanyar Lakewood ko ta Sandy Springs

Idan unguwa a Amurka ta zama gari mai cin gashin kansa, tambayar farko ita ce wa zai tsare tituna, ya kashe gobara, ya gyara hanyoyi, kuma daga aljihun wa kuɗin za su fito.

Lakewood, a jihar Kalifoniya, ta zama gari a 1954, amma maimakon ta kafa ma'aikatun kanta sai ta ƙulla kwangila da gundumar Los Anjeles, tana biyanta kuɗin 'yan sanda da gyaran hanyoyi. Ribar a fili take, domin gari mai ƙaramin asusu ba ya ɗaukar nauyin sayen motoci da biyan fansho tun ranar farko. Illarta kuwa, farashi yana hannun gunduma, kuma jami'an da ke sintiri ba majalisar gari ce ta ɗauke su aiki ba.

Sandy Springs, a jihar Jojiya, ta zama gari a 2005 bayan dogon ƙorafin cewa harajin mazaunanta yana ƙarewa a wasu sassan gundumar Fulton. A 2006 ta kafa rundunar 'yan sandanta da sashen kashe gobara, sauran ayyuka da yawa kuma ta miƙa su ga kamfani. Iko ya dawo gida, sai dai gundumar ta rasa kuɗin shiga masu yawa, kuma yankunanta marasa ƙarfi ne suka fi jin jiki.

A ganina, ƙaramin gari da harajinsa bai kankama ba ya fi dacewa ya fara da kwangila, muddin an rubuta farashi da wa'adin sabuntawa dalla-dalla.