Sabon albam daga rumfar mai turi a Gujungu

A ƙauyenmu sabis ba shi da ƙarfin da za a sauke waƙa daga YouTube ko Audiomack, shi ya sa duk albam ɗin da ya fito daga situdiyon Kano sai ya biyo ta hannun masu turi kafin ya iso mana. Nawa mai turin yana kasuwar Gujungu ranar Lahadi, matashi ne mai rumfar kwano, da kwamfuta da ɗan janareta a bayansa.

Aikinsa yana burge ni. Kafin ya taɓa memorinka sai ya jona sifika, ya kunna maka farkon kowace waƙa ka ji da kunnenka. Albam ɗin da na karɓo na soyayya ne, kuma ya jera min shi yadda mawaƙin ya tsara, babu muryar masu talla da ake cusawa a tsakiyar baiti. Wannan kaɗai ya isa in koma.

Waƙoƙin farko sun yi daɗi ƙwarai, musamman inda kalangu ke amsa fiyano. Daga tsakiya kuwa gyaran murya na kwamfuta ya yi yawa, har kalmomin ba sa fita. 'Yan matan gidanmu dai nan suka fi so, shi suke bi wajen daka.

Abin da ke damuna shi ne mawaƙin da ya sha wahala, kuɗin turin nan ba ya kaiwa aljihunsa. Sannan in rana ta take layi ne, ga ba benci. Ka je da hantsi.