Banff ko Jasper: Wanne Ya Fi Dacewa da Kai?

Masu shirin zuwa yammacin Kanada sun sha tambayata: Banff ko Jasper? Duka biyun gandun daji ne na ƙasa da ake zuwa yawon buɗe ido, kowanne da ƙaramin gari mai sunansa a ciki. To, ga yadda na gan su.

Wajen sauƙin zuwa, Banff ne kan gaba. Daga birnin Calgary tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota, alhali daga birnin Edmonton zuwa Jasper sai ka ci kusan awa huɗu. Sai dai sauƙin nan shi ya jawo cunkoso. A watan Yuli, tafkin Louise da ke Banff cika yake kamar kasuwa ranar ci, kuma tun 2023 an hana motocin gida shiga hanyar tafkin Moraine, sai dai ka kama kujerar bas tun da wuri. Kuɗin otal ma ba a magana.

Jasper ya fi faɗi, ya fi shiru, taurari kuwa sai wanda ya gani. Amma gobarar daji ta 2024 ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin, don haka ka nemi masauki kafin ka tashi. Duka biyun akwai beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari, kada ka bar abinci a fili.

Mai iyali da ƙarancin lokaci, Banff zai wadatar da shi. Mai mota da haƙurin doguwar tafiya, wanda hayaniya ta ishe shi, ya nufi Jasper.