Shokazoba na tsohuwar Marsandi: na Beljiyam, sabo mai araha, ko na kamfani mai suna?

Alhaji, ka ce Marsandi E-Class ɗinka samfurin W210 ta shekarar 2000 ta fara tsalle a hanyar Marwa zuwa Mora a arewacin Kamaru, bayanta na buga ƙasa idan an ɗauki mutane, kuma makaniki ya kawo maka zaɓi uku: na Beljiyam da aka cire daga wata mota, sabo marar suna mai araha, ko sabon Sachs, Bilstein ko KYB da za a aiko daga Duwala ko Kano.

Kafin a je ga kuɗi, a leƙa ƙarƙashin motar. Idan doguwar nan ce mai buɗaɗɗen baya, akwai yiwuwar ƙafafunta na baya masu daidaita tsayi da mai ne: za ka ga bututu ya shiga jikin shokazoban, da wasu ƙwallayen ƙarfe biyu a kusa. A irin wannan, tsalle da tauri yawanci daga ƙwallayen ne, gas ɗinsu ya tsere, kuma shokazoba na yau da kullum ba zai shiga wurin ba sai an canza sifirin ma. Idan babu bututu, to maganar da ke ƙasa taka ce. Sannan ƙarar ƙwas-ƙwas a kan gargada ba lallai shokazoba ba ne. Boljoyin da bushin hannun ƙasa da ƴan sandunan da ke riƙe ƙarfen daidaita kwana duk suna yin ta. Shaidar mutuwar shokazoba ita ce mai ya jiƙa jikinsa har ƙasa, taya na cinyewa tabo-tabo, gaban mota na nutsewa in an taka birki.

Na Beljiyam shi ne ya fi jan hankali, don sau da yawa na asali ne, da tambarin Mercedes a jiki. Matsalarsa ba wanda ya san nisan da ya ci. Kamfanoni irin su KYB da Monroe suna ba da shawarar canji a wajen kilomita 80,000, W210 kuwa tun 1995 aka fara ƙera ta, mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara 20. Wanki da fenti suna ɓoye yoyo. Wasu kuma sukan huda jikin, su ɗura mai mai kauri, su like da walda. A hannu za ka ji shi da ƙarfi, ya hau hanya ya yi zafi sai ya saki. In dole ne sai shi, ka shafa jikin ka nemi tabon walda, ka duba sandar da ke shiga cikinsa ko ta yi tsatsa ko kwarzane, ka tsayar da shi ka danne har ƙasa. Mai lafiya zai taso da kansa a hankali, babu wurin da yake zurmawa ba nauyi. Ka gwada na dama da na hagu tare, su taso kusan lokaci ɗaya. Ko ya ci wannan gwajin, na wucin gadi ne.

Sabo marar suna ba za mu daɗe a kansa ba. Lamba ɗaya ake bugawa motoci da yawa, ba a auna shi da nauyin wannan motar ba, robar bakinsa kuma ba ta jure ƙura da zafin Maris da Afrilu. Ga mai yawo cikin gari kawai, yana iya kai shi wani lokaci. Ga mai bin Mora zuwa Kusiri, kuɗin aiki sau biyu zai biya, ya haɗa da tayoyi.

Masu suna su ma ba ɗaya ba ne. Sachs da Bilstein B4 su ne mafi kusa da laushin da motar ta fito da shi, domin kamfanonin biyu suna yi wa Mercedes kaya tun asali. Bilstein B6, mai launin rawaya, ya fi tauri kuma ya fi tsada. Yana riƙe mota sosai in ta ɗauki kaya, amma a gargada fasinja zai ji a ƙugunsa. KYB yawanci ya fi su sauƙin kuɗi, kuma cikin ire-irensa akwai Excel-G mai bututu biyu, ɗaya a cikin ɗaya, da Gas-a-Just mai bututu ɗaya. Bambancin yana da amfani a nan. Mai bututu biyu ya fi laushi, kuma in dutse ya ɗan lotsa jikinsa na waje yakan ci gaba da aiki, sai dai a doguwar gargada man cikinsa yana zafi ya yi kumfa, ƙarfin ya ragu. Mai bututu ɗaya ya raba mai da gas, yana saurin huce zafi, amma lotsawa ɗaya ta isa ta kashe shi tunda fistin a cikin wannan jikin yake tafiya.

A ganinmu, da irin hanyarka, Sachs ko B4 su ne daidai, KYB in aljihu ya matsa. In kuɗin huɗu bai samu ba, ka sayi biyu na baya yanzu tunda can ne damuwar, na gaba daga baya. Kada dai a sa sabo a dama, tsoho a hagu.

Ka ba mai shago lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke takardar motar, don a cikin ire-iren W210, Avantgarde ta fi Classic da Elegance kusa da ƙasa, lambar kayansu daban. Jabu ya yi yawa, kwali kuwa kowa na iya bugawa, saboda haka ka duba lambar da ke jikin ƙarfen ta dace da ta kwalin, ka kuma nemi rasit.

Wajen ɗaurawa ne ake kashe sabon kaya. A sa jak ya tallafi hannun ƙasa kafin a kwance, don sifirin ɗin yana danne da ƙarfi. Kada a kama sandar da filaya, kwarzane kaɗan zai yanka robar baki. A canza robar kare ƙura da robobin sama. Notin ƙasa kuma sai nauyin mota ya zauna a kan ƙafarta sannan a ɗaure shi na ƙarshe, in ba haka ba bushin zai murɗe ya yage. Tunda an buɗe wurin, a haska mazaunin sifirin na gaba da fitila: W210 da suka sha gishirin titunan Turai suna tsatsa a nan har ya balle, kuma mai walda ya kamata ya fara gyara shi kafin a ɗaura komai.