Shagon gahawa a tsakar gidanmu, ranar da Baba ya cika shekara 70

A watan Disamban da ya wuce mahaifinmu ya cika shekara 70, kuma tun da wuri ni da ƙannena muka yanke shawarar cewa ba za mu kama zauren biki ba, domin Baba mutum ne da ba ya son hayaniya da ƙarar lasifika. Ko walimar ma sai da Hajiya ta lallashe shi kafin ya amince, bisa sharaɗin a buɗe da addu'a, a kuma tashi kafin magariba. Dabarar mayar da tsakar gida shagon gahawa daga tarihinsa ta fito. Baba ya shiga aikin jirgin ƙasa a zamanin Regifercam, tsohuwar hukumar jiragen ƙasa ta gwamnatin Kamaru, 'yan shekaru bayan layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, yana kuma bakin aiki lokacin da kamfanin Camrail ya karɓi ragama a 1999. A tafiye-tafiyen dare na sama da kilomita 600 zuwa Yawunde ya saba da gahawa, har ta zame masa jiki, alhali a unguwarmu kowa shayi ya sani.

Akwai wani ƙaramin shago a tsakiyar gari da ke ɗaukar kayansa ya kai gidan mutum idan ana hidima. Ban ambaci sunansa ba ne saboda akwai gyara a cikin maganata, kuma na riga na gaya wa mai shi baki da baki. Mun daidaita a kan sefa 85,000 don mutum 40 na tsawon awa uku. Su za su kawo ma'aikata biyu, da injin haɗa gahawa, da injin niƙa, da kofuna, da ƙananan tebura huɗu, mu kuma kujeru da tabarmi da abinci suna wuyanmu. Na biya rabin kuɗin ta waya mako guda kafin ranar.

Wajen shirya wuri ban ga abin kushewa ba. Sun kafa dogon teburi a gindin mangwaro, suka lulluɓe shi da buhunan algarara irin waɗanda ake zuba 'ya'yan gahawa, suka jingina baƙin allo a jikin bango, aka rubuta abubuwan sha da alli. Da na roƙa a ƙara Hausa a ƙarƙashin Faransancin, yarinyar da ke aiki tare da su ta goge allon ta sake rubutu ba tare da ɓata rai ba, har ta tambayi Goggo yadda ake cewa madara mai kumfa. Amma abin da ya mayar da gidan shago na gaske shi ne ƙamshi. Saurayin da ke kan inji bai zo da gari niƙaƙƙe ba, gasassun 'ya'ya ya kawo, yana niƙa na kowane kofi a lokacin da za a haɗa shi. Baba yana ɗaki yana naɗa rawani lokacin da injin niƙan ya fara ƙara, sai ga shi ya fito da bakin rawanin a hannu, ya tsaya a ƙofa yana shaƙa, ya jima bai ce komai ba.

Gahawar kanta ita ce inda suka cancanci kuɗinsu, kuma a nan nake so in tsaya. Yawancinmu a arewa Nescafé muka sani, wanda mai shayi ke zubawa a ruwan zafi da madarar gwangwani, har mukan manta cewa Kamaru ƙasa ce mai noman gahawa. Iri biyu suka kawo. Na farko arabika ne daga tsaunukan Yamma, wajen Bafusam, inda ƙungiyar manoma ta UCCAO take tun 1958. Na biyu robusta ne daga yankin Mungo, wajen Nkongsamba, inda ƙasa ta fi zafi da laima. Saurayin ya zuba kowanne a faranti ya zagaya da su wurin dattawa, ya nuna musu cewa ƙwayar arabika ta fi tsawo kuma tsagin tsakiyarta a karkace yake, ta robusta kuwa ƙarama ce mai kewaye, tsaginta a miƙe. A baki arabika ta fi laushi, da ɗan tsami mai daɗi a ƙarshe, robusta kuma ta fi ɗaci da kauri, kuma sinadarin kafeyin da ke cikinta, wanda shi ne dai ke cikin goro yake hana barci, ya kusan ninka na arabika sau biyu.

Da ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Baba Alhaji, wacce za a haɗa maka?" sai Baba ya ce, "Ɗana, ba ni baƙa, mai ƙarfin nan, kada ka sa sukari." Aka matso masa esfereso, wanda bai wuce kurɓa uku ba, ruwan zafi ya ratsa garin da ƙarfin inji cikin kamar rabin minti, ya fito da jar kumfa a samansa. Baba ya kurɓa, ya ajiye finjalin a kan gwiwarsa, daga nan ya buɗe labarin yadda suke kwana a tashar Belabo suna jiran jirgin kaya ya wuce, labarin da ni kaina ban taɓa ji ba duk shekaruna. Jikoki suka bar wayoyinsu suka matso kan tabarma.

Wani abin da na yaba shi ne madarar. Ba su yi amfani da ta gari ba, sabuwar madarar shanu suka saya da safe suka tafasa, kuma a Adamawa, ƙasar shanun gudali, wannan shi ne daidai. Kafe ole da kafucino da aka haɗa da ita sun yi kauri da zaƙin da bai buƙaci sukari mai yawa ba, ga kuma zumar yankinmu da suka ajiye a kwalba don mai so. Kawu, wanda ya daɗe yana kasuwanci a Injamena, ya nemi irin gahawar can da ake dafawa da citta, kuma ko da yake ba ta cikin allo, saurayin ya karɓi citta da kanumfari daga hannun Hajiya ya dafa masa a ƙaramar buta.

Sai dai akwai kurakurai, kuma wasunsu ba ƙanana ba ne. Mun yi da su ƙarfe biyu na rana, ba su iso ba sai uku saura kaɗan, kafin su gama kafa kaya an kira la'asar, don haka awa ukun da na biya ta koma ƙasa da biyu da rabi, tunda sharaɗin Baba na tashi kafin magariba ba ya ɗaguwa. Injin da suka kawo kuma ƙarami ne, kofi biyu kawai yake fitarwa a lokaci guda, sannan sai an jira shi ya sake ɗaukar zafi kafin a kaɗa madara. Ga mutum 40 wannan ya yi kaɗan ƙwarai. Da yake an fara da ɓangaren maza, iyayenmu mata da ke cikin gida sun yi kusan minti 40 suna jira, abin da ya ba ni kunya matuƙa, domin su ne suka yini a kan murhu. Mai shagon ya san adadinmu tun ranar ciniki, ya kamata ya faɗa mini cewa injinsa ba zai ɗauka ba, ko ya haɗa wata gahawar a manyan filas ta tsaya a ɓangaren mata.

Sannan wuta ta ɗauke ana tsakiyar hidima, kuma ba su zo da janareto ba, ba su kuma gaya mini in tanada ba. Da ba don kurfoti da gawayin Hajiya ba, da taron ya tsaya cik. A kan gawayin aka dafa sauran, ta yi daɗi, amma ba ita ce wadda aka yi ciniki a kanta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin tunanin waɗanda bai kamata su sha gahawa mai ƙarfi ba. Taron iyali ba kamar shago ba ne, akwai yara, akwai tsofaffi masu hawan jini, akwai matar ƙanena mai juna biyu, wadda likitoci ke ba irinta shawarar kada ta wuce miligiram 200 na kafeyin a yini. A allonsu babu ko abu ɗaya marar kafeyin. Sai da muka aika aka sayo garin koko aka haɗa wa yara da madara, muka kuma fito da zoɓon da muka yi, wanda a nan muke kira folere. Shagon da ke tallar hidimar iyali bai kamata a tuna masa wannan ba. A ƙarshe kuma aka ƙara mini sefa 5,000 na kuɗin mota, wanda ba a ambata ba a farko. Na biya, amma na nuna rashin jin daɗina.

Abinci namu ne, don haka ba zan ja magana a kansa ba. Mun ajiye kek guda ɗaya marar ado da yawa, da fanke, da dabino, da kilishin garinmu, kuma dabino ne ya fi dacewa da baƙar gahawa, shi ya fara ƙarewa.

Wanda iyalinsa ba su wuce mutum 20 ba, yana kuma son zama na hira ba na kiɗa ba, ina ba shi shawarar ya ɗauke su, domin sun san gahawa kuma ma'aikatansu suna da ladabi ga manya. Wanda taronsa ya kai namu, to ya sa a rubuta lokacin isowa da kuɗin mota a takarda, ya tambayi kofi nawa injin ke fitarwa, ya tanadi janareto, ya kuma ce a fara da ɓangaren mata ko a raba ma'aikatan biyu. Lokacin sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, shi ya fi dacewa, domin da damina tsakar gida a Ngaundere ba ta da tabbas.

Kwana biyu bayan walimar na koma shagon na zayyana wa mai shi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara har na gama, ya amsa laifin makara da na rashin abin shan yara, ya ce zai ƙara koko da shayin ganye a allonsa, amma kuɗin motar bai mayar ba. Kafin in fito na sayi rabin kilo na robustar da Baba ya zaɓa, aka niƙa mini ita da ɗan gautsi yadda za ta dafu a buta, domin tun daren walimar ya aiko ƙanwata ta tambaye ni ko ana sayar da ita.