Riga-kafin Ebola ko bin sawun masu cutar: wanne ya fi dacewa da Kebbi?

Jihar da ke da iyaka da Nijar da Benin, inda fatake ke ratsa Kamba dare da rana, dole ta san makamin da za ta fara ɗauka idan Ebola ta ɓulla.

Allurar riga-kafin Ebola mai suna Ervebo tana da ƙarfi. An gwada ta a Gini a 2015, ta hanyar yi wa na kusa da majinyaci da na kusa da su, kuma ta kare su ƙwarai. Sau ɗaya ake yin ta. Sai dai tana buƙatar sanyin da ya kai digiri 60 ƙasa da sifili, kuma wanda ya san yadda wuta take a ƙauyukan Dandi ya san wannan ba wasa ba ne. Ga shi Ebola nau'i-nau'i ce, kuma daga nau'in Zayar kaɗai allurar take kare mutum. Da nau'in Sudan ya ɓarke a Yuganda a 2022, ba ta yi amfani ba.

Bin sawu kuwa ba ya jiran firji. Ma'aikaci ne da na'urar auna zafin jiki da littafi, yana ƙwanƙwasa ƙofar duk wanda ya taɓa majinyaci, kullum, har kwana 21. Da shi Najeriya ta shawo kan cutar a Legas da Fatakwal a 2014, lokacin babu allurar da aka amince da ita: mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. Wahalarsa yarda. Idan maigida ya ɓoye wanda ya wanke gawa, sawun ya ɓace.

A ganina Kebbi ta fara da bin sawu, tare da hakimai da limamai, domin ita ma allurar sai an san wa ya taɓa wa kafin a yi ta.